Ƙwarya Ba Ta Zagaya Ba

Lahadi, 20 ga Nuwamba, 2022. Ƙarfe 7:10 na safe, unguwar Mansura, Doha

Yau ake buɗe gasar ƙwallo ta duniya, Doha kaf ta haukace. Gafaru, ɗan Kumasi da muke ɗaki ɗaya, tun asuba yake guge rigarsa ta direba yana waƙa, sai ka ce shi za a miƙa wa kofin. Ni kuma na sayi littafin nan a shagon ƙasa don in riƙa rubuta abubuwan da na gani, in na koma gida in sha labari. To ga abin da na fara da shi.

Inna ta aiko saƙon murya ta wayar Aruna, ɗan ƙanen babana. Ta ce an zo da mota an kafa turaku an ja wayar shinge a bakin Kurmin Ƙirya, tun daga tsamiyar makabarta har mashayar shanu. An ajiye masu gadi biyu. Mata sun je kaɗar tsamiya, aka ce sai da takarda. Inna da takarda! Matar da a bakin kurmin nan aka binne cibiyarta.

Ni ne ɗanta na fari, don haka ba ta kama sunana. Tun da na buɗe ido a duniya ban taɓa jin sa a bakinta ba. "Kai wannan" take ce mini, in ranta ya yi fari ta ce "ɗan Doha". Yau cewa ta yi: "Kai wannan, kai ne mai boko. Sun ce wai mun yarda. Wai wani ya yi magana da bakinmu har ya sa hannu. Ka bincika mana ko wane ne."

Motar aiki ta iso. Zan amsa anjima.

Lahadi, 4:30 na yamma, wurin aiki a West Bay

Ina tsaye a ƙofar bene ina duba katin masu shiga, sai ga hoton takardar da aka sa wa hannun daga Aruna. Shafi na biyu, can ƙasa. Wakilin al'ummar Tungar Ƙirya: Ɗalhatu Gariba. Sunana ke nan.

Aruna malamin firamare ne, ya iya karatu sarai. Bai rubuta komai a ƙarƙashin hoton ba. Ko "ka gani?" babu. Wallahi gara ya zage ni.

Litinin, 21 ga Nuwamba. 1:00 na rana

Ban kira ba.

Talata, 22 ga Nuwamba. 5:45 na yamma

Saudiyya ta ci wasa, Larabawa sun cika titi da hon. Wani ya rungume ni ban san shi ba. Na yi masa dariyar yaƙe.

Bari in rubuta maganar ƙwarya, ko don hannuna ya tuna abin da kaina ya yi kamar ya manta. A garinmu ba a yanke maganar kurmi a zaure. Ko mai unguwa ba shi da wannan ikon. In magana ta taso, ko sare babban itace ne, ko sabon burtali, ko baƙo na neman wuri, sai a sauke ƙwaryar shawara daga ragaya. Uwar kurmi ce ke ɗaukar ta, ta bi gida gida da ƙafarta. In manoma sun yarda su jefa zangarniyar dawa. Mata masu tsintar kaɗanya su jefa ƙwara ɗaya. Masu zuma su jefa ɗan kaki. Fulanin rugar Arɗo Dikko su jefa gashin wutsiyar saniya. Sai ta kwana kasuwa uku tana yawo, don mai tsoron magana a gaban mutane ya samu ya faɗa wa tsohuwa a kunne. In ta dawo da abu huɗu, an yarda. In uku ne, magana ta mutu, ba wanda zai tambayi wa ya hana.

Shekara ashirin da shida ke nan Inna ce uwar kurmi. A ɗakinta ƙwaryar take, a saman gadon da aka haife ni.

Ba wai ban sani ba ne. Abin da nake so in rubuta ke nan. Na sani.

Laraba, 23 ga Nuwamba. 1:00 na rana

Yau ma ban kira ba. Na aika wa Aruna "ina kan bincike". Bincike! Mai kaza a aljihu.

Alhamis, 24 ga Nuwamba. 9:20 na safe

Yau aka ba ni hutu. Gafaru ya fita da tutar Ghana ɗaure a wuya, ɗaki ya zama nawa. To bari in faɗa sau ɗaya.

Watan Yunin 2020 ne, lokacin korona. An rufe benen da nake gadi, muna kwance a ɗakin nan mu shida, ba aiki, ba masallaci, kowa na kallon wayarsa ya ga ko alamar lafiyarsa tana nan kore. Sai wata mata ta kira ni, Hajiya Adijatu, daga ofishin wani aikin dashen itatuwa a jiharmu. Ta ce suna so su kare kurminmu, su ƙara dasa itace, amma ƙa'ida ce sai an ji ta bakin mutanen da suka gaji wurin. An hana taro, an rufe hanya. Ta ga sunana ne a matsayin sakataren ƙungiyar 'yan Tungar Ƙirya mazauna waje. Ƙungiyar nan mu uku ne, ɗaya ma ya bar ɗaukar waya.

Ta ce za a yi taro ta bidiyo. Na ari kwat ɗin wani ɗan Sudan, na sa a kan gajeren wando, na jingina da farin bango don kada a ga gadaje masu hawa biyu. A gida ai ana cewa Ɗalhatu yana aikin ofis a dogon bene. Ban taɓa gyara musu ba. Aka ce "bari mu ji daga wakilin al'umma, kai tsaye daga Doha," na ji kaina ya kumbura. Wata uku ba wanda ya tambaye ni ko ƙarfe nawa, yau ga masu digiri sun yi shiru suna jira na.

Aka nuna taswira. Wayata gilashinta a fashe yake, na ga koren layi ya zagaye wani abu. Na gyaɗa kai kamar na gane.

Kuma matar nan ba ta cuce ni ba. Da bakinta ta ce, "Malam Ɗalhatu, ga mako biyu, ka tuntuɓi mutanenka." Na san ƙwarya sai ta kwana kasuwa uku, kasuwa kuwa a rufe take. Na san in na ce a jira, za a nemi wani wakilin, ƙila ma Aruna. Na ce a raina, dashen itace ne fa, wa zai ƙi itace? Mako biyu suka cika ban kira kowa ba. Ta kira, na ce, "Mutanena sun amince ɗari bisa ɗari." Har da ɗari bisa ɗari, don iyayi. Na sa hannu da yatsa a kan fasasshen gilashi, na mayar wa ɗan Sudan kwat ɗinsa.

Zanen aro dai ba ya rufe katara.

Juma'a, 25 ga Nuwamba. 2:15 na rana

Liman ya yi huɗuba a kan amana. Cikin duk abin da ke duniya.

Lahadi, 27 ga Nuwamba. 11:40 na safe, West Bay

Akwai wani tsoho ɗan Nepal da ke ba furannin gaban bene ruwa. Ya riga ni zuwa wurin nan da shekaru. Saboda gasa an canja katin shiga, nasa bai fito ba. Ya zo da butarsa, na tare shi. Ya nuna mini furannin, ya nuna ƙirjinsa. Na ce, "Babu kati, babu shiga, khalas, magana ta ƙare." Ya kalle ni, ya juya.

Aikina na yi. Shugabanmu ma ya ce na kyauta. Abincin rana dai ya ƙi shiga.

Litinin, 28 ga Nuwamba. 6:50 na yamma

Ghana ta ci. Gafaru ya shigo ba murya, ya ɗaga ni sama ya dire. Ya ce, "Ɗan Najeriya, ku da ba ku zo ba, ko taya mu murna ba za ka yi ba? Fuskarka kamar tuwon jiya."

Sabon saƙo daga Inna. Shanun Arɗo Dikko yanzu sai sun zagaya ta bayan dutse kafin su sha ruwa, tafiyar rabin yini. Jiya sun ratsa gonar wake, saura kaɗan a zare sanda. Abin da ya fi muni, gari ya fara cewa Dikko ne ya sa hannu, wai an yi masa alkawarin rijiya. Fulani kuma na cewa manoma ne. Mata sun daina sayen nonon ruga. Inna ta ce, "Shekara arba'in muna gaisawa da mutumin nan. In shi ne, Allah ya isa. Kai wannan, me ka gano?"

Dikko da ya ba ni ɗan maraƙi ranar da na sauke Alƙur'ani.

Talata, 29 ga Nuwamba. 1:00 na rana

Na ɗauki murya minti biyu. Na goge.

Alhamis, 1 ga Disamba. 10:05 na safe

Na kira Hajiya Adijatu. Na yi ta kewaye-kewaye, ina tambaya ko akwai yadda za a janye takardar a hankali, a ce kuskuren ofis ne, ba sai an ambaci suna ba. Ta bar ni na gama tsaf.

Ta ce, "Malam Ɗalhatu, ka tambaye su ko ba ka tambaye su ba?"

Na ce layin ba ya da kyau.

Ta ce, "Ina jin ka rass. Ni ma ina da nawa laifin. Da aka buɗe hanya ya kamata in taka in je garin da ƙafata, sai na ga takarda ta cika, na rufe fayil. Wannan zan faɗe shi a gaban kowa. Amma manyana ba za su taɓa wayar shingen nan ba muddin akwai sa hannun wakili. Sai mai hannun ya ce, a gaban mutanen, bai tambayi kowa ba. Ranar Alhamis sha biyar ga wata za mu zo garin."

Na ce zan yi tunani. Ta ce, "Shekara biyu da rabi ai ta isa tunani," ta kashe.

Na ji haushinta ƙwarai. Har yanzu ina jin haushinta, kuma ban samo inda ta yi ƙarya ba.

Asabar, 3 ga Disamba. 8:30 na safe

An fitar da Ghana jiya. Gafaru na kwance ya rufe fuska da tuta. Na ga mu biyu duk a jiƙe muke, sai kawai na faɗa masa. Duka, har kwat ɗin.

Bai yi dariya ba, abin da ya ba ni tsoro ke nan. Ya tashi zaune ya ce da Hausarsa ta zango, "Mmanka ya sani?" Na ce a'a, Inna ba ta sani ba. Ya ce, "Kai! Tsohuwa na yawo yana neman ɓarawo, ɓarawo na aika masa gaisuwa daga Doha." Na ce ban saci komai ba, ko sisi ban karɓa ba. Ya ce, "Ka saci bakin mutane, Ɗalhatu. Wanda ya saci akuya ma ya san abin da zai mayar."

Na ce masa ya ji da ƙwallonsu. Ban kyauta ba. Ya tashi ya dafa shayi, ya zuba mini.

Litinin, 5 ga Disamba. 1:00 na rana

Na ɗauka. Na goge.

Laraba, 7 ga Disamba. 1:00 na rana

Katin tsohon nan ɗan Nepal ya fito. Furanni biyu sun riga sun bushe. Ya gaishe ni kamar ba abin da ya faru, ni na kasa haɗa ido da shi.

Asabar, 10 ga Disamba. 3:20 na rana

Abin da nake ta lissafawa: in na yi shiru, ƙila Aruna ya rufa mini asiri, jini ai ba wasa ba ne. Wayar shinge ta zauna. Damina ta zo, kaɗanya ta zuba ta ruɓe a ƙasa mata na kallo ta cikin waya. Dikko ya kwashe shanunsa ya bar mana gari da sunan maci amana. Ni kuma in koma hutu da turare da dabino, a shimfiɗa mini tabarma.

In na yi magana, ban san da wace fuska zan sake shiga Tungar Ƙirya ba. Wannan ma da sauƙi. Inna fa? A ce ɗan uwar kurmi ne ya tsallake ƙwarya.

Na rubuta su biyun a jere don in ga kamar nauyinsu ɗaya. Ba ɗaya ba ne, ni ma na gani.

Talata, 13 ga Disamba. 12:40 na rana

Na kira Inna. Da niyya na kira, Allah ya sani. Ta ce, "Ɗan Doha! Ka tuna da mu?" Na tambayi gwiwarta. Ta ce da sauƙi. Na tambayi awaki. Na tambayi rufin ɗaki. Ta ce jibi za ta sa sabon zanenta, za ta tsaya gaban mutanen ofis ta ce su nuna mata wanda ya yarda, don ita ƙwarya ba ta sauka daga ragaya ba. Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Allah ya ba da sa'a, Inna."

Ta miƙa wa Aruna waya. Na ji ya taka ya fita waje. Karo na farko ke nan da ya yi mini magana tun ranar hoton. Ya ce, "Yaya, jibi ƙarfe goma zan kira ka in sa a lasifika. In ka ɗauka, to. In ba ka ɗauka ba, ni zan karanta musu shafi na biyu. Jiya an jefi 'yar Dikko da dutse a hanyar kasuwa."

Sai ya ce, "Ka gafarce ni, Yaya." Shi ke neman gafarata!

Laraba, 14 ga Disamba. 1:00 na rana

Ƙarfe goma na gida, sha biyu ke nan a Doha. Na roƙi shugabanmu minti goma sha biyar gobe. Ya ce yalla, in je, amma kada in wuce.

Alhamis, 15 ga Disamba. 12:10 na rana, matakalar bayan bene

Bari in rubuta tun da zafinsa.

Ta yi ƙara sau huɗu kafin in ɗauka. Ina jin gari gaba ɗaya a cikin wayar, tari, kukan jariri, wani zakara. Hajiya Adijatu ta riga ta faɗi nata. Aruna ya ce, "Jama'a, ga mai magana."

Na yi sallama. Suka amsa da murna, wani har ya ce "Alhajin Doha!" Wannan murnar ita ta fi komai ciwo. Na ce, "Ni ne na sa hannu. Ba Arɗo ba ne, ba mai unguwa ba ne. An ba ni mako biyu in tambaye ku, ban tambayi kowa ba. Ko Inna ban tambaya ba. Na ce kun yarda, ƙarya na yi. Kuma ba aikin ofis nake yi a nan ba, gadi nake yi." Ban san me ya kawo na ƙarshen nan ba, fitowa kawai ya yi.

Zakaran nan ya sake cara.

Sai na ji muryar Dikko, ta tsufa ƙwarai. Bai yi faɗa ba. Cewa ya yi, "Ɗalhatu, ko ni da nake cikin daji ina da waya fa." Shi ke nan abin da ya ce.

Wani namiji daga mutanen ofis ya ce murya a waya ba hujja ba ce, kowa zai iya kira ya ce shi ne. Kafin su rubuta, sai wani a wurin ya shaida cewa mai maganar nan shi ne mai sunan da ke takarda, ya faɗi sunan a fili. Aruna ya fara magana, mutumin ya ce ban da wanda ya kira wayar. Ba wanda ya motsa. Na san dalili, suna jin nauyin Inna ne, ba mai son ya tona ɗanta tana zaune.

Sai na ji ƙarar sandarta a ƙasa. Na san yadda take miƙewa, sai ta dafa sau biyu.

Ta ce, "Muryar Ɗalhatu ce. Ɗalhatu Gariba. Ni na haife shi. Bai tambaye ni ba."

Wata mata ta yi salati.

Shekarata talatin da huɗu. Ina yaro nakan ɓuya bayan rumbu in ƙi amsa "kai wannan", ko za ta gaji ta kira ni da sunana. Ba ta taɓa gajiya ba. Ashe haka yake a bakinta. Tana jan "ha" ɗin kaɗan.

Minti sha biyar ɗina sun ƙare. Zan koma ƙofa.

Juma'a, 16 ga Disamba. 2:30 na rana

Aruna ya rubuto. Ba a cire waya ba, amma an buɗe ta wajen mashaya da wajen tsamiya, an ce masu gadi su bar tambayar takarda har ƙwarya ta zagaya ta dawo. Hajiya Adijatu ta ce za ta jira kasuwa ukun, kuma a buga taswirar a babbar takarda a bi da ita gida gida. Matan ruga sun shigo da nono yau, an saye tas.

Na tambaye shi Inna. Ya ce gobe.

Asabar, 17 ga Disamba. 1:00 na rana

Bai rubuto ba. Na kira sau uku, Inna ta ce a ce mini tana aiki.

Lahadi, 18 ga Disamba. 4:10 na yamma

Yau wasan ƙarshe, kuma ranar bikin ƙasarsu. Jirage na ta wucewa a sama suna zubar da hayaƙi mai launi. Gafaru ya ce in zo mu kalla a babban allo, na ce ya je, zan taho.

Ƙwarya ta fita yau da safe. Ba Inna ce ta ɗauka ba. Aruna ya ce jiya ta sauke ta da hannunta, ta wanke, ta kai wa Gwaggo Safiya ta gidan masu zuma. Mutane sun taru suna ba ta haƙuri, har Dikko ya zo da kansa ya ce laifin ɗa ba ya hawa kan uwa. Ta ce gidan da baki ya riga ƙwarya fita, ƙwarya ba ta kwana a cikinsa. Ta ce in ta shiga gida da ita yanzu, mai son ya ƙi zai ji kunyarta, mai son ya yarda zai ji tsoron a ce ya bi ɗanta.

Na ce ya ba ta wayar. Ya ce ta tafi kaɗar tsamiya da sauran mata, ta bi layi kamar kowa.

Na tambaye shi ragayar fa. Ya ce tana nan rataye a saman gado, ba komai a ciki. Ya so ya sauke, ta ce ya bar ta.